Kafin Masara Ta Yi Goyo: Jadawalin Masana'antar Taki da Gonakin Gitata

Gitata na kan hanyar da ta fita daga Keffi ta yi arewa, wajen iyakar Jihar Kaduna. Ƙasar noma ce: masara da dawa, doya da rogo, gyaɗa da riɗi. A wannan yanki na Jihar Nasarawa ruwa kan sauka tun cikin Afrilu, lokacin da manomin Katsina ko Sakkwato bai ma gama sharar gona ba. Malaman gona sun daɗe suna nanatawa, manoma kuma sun gani da idonsu, cewa masara na son kamfa lokacin shuka ko cikin mako biyun farko, sannan a bi ta da yuriya tsakanin mako na huɗu da na shida. In aka wuce nan har ta fara goyo, buhun da ya iso ihu ne bayan hari. Nauyinsa kilo 50 ne kamar kullum, kuɗinsa bai ragu da ko kwabo ba, amma amfanin da aka saye shi dominsa ya riga ya wuce.

Duk shekarar da taki ya makara, zance kan tsaya a kan tsada, da 'yan siyasa, da dillalai masu ɓoye kaya. Akwai gaskiya a cikin kowanne. Amma akwai wani ɗaki da ba a cika leƙawa ba. Ofis ne a cikin masana'anta, inda wani ma'aikaci ke zaune da takarda ko kwamfuta yana yanke shawarar wane kaya za a haɗa yau, tan nawa, a wane inji, kuma motar wa za a fara lodawa. Tsara wannan jadawali ilimi ne mai zaman kansa, wanda aka shafe sama da shekara 100 ana tace shi a duniya. Ina ganin a nan Arewa mun raina shi, kuma manomi ne ke biyan kuɗin rainin.

Masana'anta iri biyu

Masana'antun sinadarai sun kasu gida biyu. Akwai wadda ba ta tsayawa: kaya na shiga ta wannan baki, yana fita ta wancan, dare da rana, abu guda take yi shekara da shekaru. Irin su ne manyan masana'antun yuriya na Kudu. Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas ta fara aiki a 2016 da ƙarfin tan miliyan 1.4 a shekara, ta ƙara layi na biyu a 2021. Ta Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a Maris na 2022, an gina ta ne don tan miliyan 3. Notore da ke Onne ita ta gaji tsohuwar NAFCON ta gwamnati. Dukkansu iskar gas suke juyawa ta zama ammoniya, ammoniya ta zama yuriya. Damuwar mai tafiyar da irin wannan masana'anta ita ce kada gas ya yanke, kada inji ya tsaya.

Ɗaya gidan kuwa zubi-zubi yake aiki. A auna kaya, a zuba a tukunya ko ganga, a juya ko a dafa na wani lokaci, a sauke, a wanke, a sake zuba wani, wataƙila ma wani iri dabam. Haka ake yin fenti, da magungunan asibiti, da sabulu, da maganin ƙwari. Haka majemun zamani na Challawa da Sharaɗa a Kano ke sarrafa fata a manyan gangunan da ke juyawa. Kusan duk abin da Arewa ke da shi na masana'antar sinadarai daga wannan gidan yake. A nan inji ɗaya ke yi wa kaya iri-iri hidima, don haka tambayar da ba ta ƙarewa ita ce: wa ke gaba, wa ke biye?

Masana'antun haɗa taki, waɗanda su ke samar da kamfan da ke zuwa kasuwar Keffi, da yawansu a wannan gida suke. Gaskiya ne ba sa dafa komai. Gauraya ƙwayoyi kawai suke yi bisa awo. Amma ciwon kan jadawalinsu iri ɗaya ne da na mai yin fenti ko magani, har ma ya fi tsanani, domin wanda ya yanka musu wa'adi ba ya karɓar uzuri. Damina ce.

Abin da ke cikin buhun

A Disamba 2016, bayan ziyarar Sarkin Maroko Muhammad na Shida, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin taki na shugaban ƙasa. Hukumar zuba jarin ƙasa ta NSIA ta riƙe kuɗi da sayen kaya, ƙungiyar masu sarrafa taki ta FEPSAN ta kawo masana'antu, kamfanin OCP na Maroko ya ba da fosfet. An fara da masana'antu 11 a 2017, aka sa buhu a kan naira 5,500, aka rage zuwa 5,000 a 2020 lokacin korona. Masana'antun da suka daɗe a rufe a Kaduna, Funtuwa, Minna, Kano da Bauchi suka farfaɗo, sababbi suka yi ta fitowa har adadin ya ninka sau da yawa. A ƙarshen 2018 Babban Banki ya daina ba da dala don shigo da haɗaɗɗen taki, abin da ya ɗora nauyin ciyar da gonakin ƙasar nan a wuyan masu haɗawa na gida.

Kamfan da shirin ya fi yi shi ne 20-10-10, wato kashi 20 naitirojin, 10 fosfet, 10 fotash, kuma lissafinsa ba sirri ba ne. Yuriya na da naitirojin kashi 46 cikin 100. Fosfet ɗin Maroko, wanda ake kira DAP, na da naitirojin 18 da fosfet 46. Fotash na da kashi 60. Don a sami tan ɗaya ana bukatar kimanin kilo 350 na yuriya, 217 na DAP, 167 na fotash, sai a cike ragowar kilo 266 da tsakuwar farar ƙasa, wadda ake ɗaukowa daga Okpella a Jihar Edo. Wato kusan kashi biyu cikin uku na buhun daga cikin gida yake, sauran kuma sai ya ƙetaro teku.

To, a sauya zuwa 15-15-15 a gani. Yuriya ta sauko zuwa kilo 198, DAP ya hau 326, fotash 250. A koma 27-13-13, yuriya ta kai kilo 476, farar ƙasa ta kusa ɓacewa. Ma'anar wannan ga mai tsara jadawali babba ce. Fotash ɗin da zai isa tan 1,000 na 20-10-10 ba zai wuce tan 670 na 15-15-15 ba. Idan jirgin fotash na gaba sai bayan wata guda, shawarar wane iri za a haɗa a wannan mako ita ce shawarar ko masana'anta za ta yi aiki a makon gaba ko ma'aikata za su zauna a inuwa. Kuma ba a haɗa kamfa da kaya uku cikin huɗu. Sito na iya cika maƙil da yuriya da DAP da farar ƙasa, rashin fotash kaɗai ya tsayar da komai. An ga haka a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya hana fotash ɗin Rasha isowa, har NSIA ta yi sayen gaggawa daga Kanada cikin Afrilu, watan da ruwa ke sauka a Nasarawa.

Wa ke gaba, wa ke biye

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai injin markaɗe ya ga tushen wannan ilimi. Gwani ba ya bin layi ido rufe. Yakan fara da masu wake da gero, ya bar masu tattasai da attaruhu zuwa ƙarshe, domin daga wake zuwa tattasai ɗauraya kaɗan ta isa, amma daga attaruhu zuwa geron kunu sai an kwance inji an wanke. Lokacin wanki ba ɗaya ba ne. Ya dogara da abin da ya fita da abin da zai shiga.

Masana'antar fenti na bin wannan ƙa'ida: fari, sannan masu haske, sannan masu duhu, baƙi a ƙarshe, a yi babban wanki sau ɗaya a sake zagayowa. A masana'antar magani abin ya wuce asarar lokaci, ya zama batun rai, domin ragowar wani magani a cikin wani na iya kashe mutum; shi ya sa ake ware wa magungunan dangin fenisilin wurinsu dabam. A wajen taki kuwa matsalar laima ce. Yuriya na zuƙar danshi daga iska idan laima ta yi yawa, kuma in an gauraya ta da wasu sinadaran sai ta fi saurin jiƙewa. Haɗa ta da supa kan sa kaya ya yi danƙo. Haɗa ta da takin ammoniyam naitiret kuwa sai su narke su zama ruwa a gaban idonka. Don haka ba kowane zubi ke iya bin kowane zubi ba sai an kankare ganga da bel. A watan Agusta, lokacin da iska ke ɗauke da ruwa, wannan kankara kan ci lokacin da ba ta ci a hunturu.

Daga nan sai tambaya ta biyu ta taso: idan an fara iri ɗaya, har yaushe za a ci gaba kafin a sauya? Dogon zango na rage wanki, amma yana tara kaya a sito, ya bar masu jiran wani irin suna ta waya. Gajeren zango na faranta wa kowa rai, amma rabin yini na tafiya a wanki. Wani injiniyan Amurka, Ford Harris, ya fitar da lissafin daidaita waɗannan biyun tun 1913, kuma har yau ana koyar da shi. Abin da lissafin ke cewa a taƙaice: in kuɗin sauyi ya yi yawa, tsawaita zango; in kuɗin ajiya ya yi yawa, gajarta shi. A Najeriya duka biyun suna da tsada. Dizal da ma'aikata na cin kuɗi lokacin wanki, ruwan banki kuma na cin kayan da ke kwance, musamman bayan da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamba 2024. Ga shi kuma haɗaɗɗen taki ba ya son dogon zama. Buhunan ƙasa kan dunƙule su yi tauri.

Dabarun da aka gada

Mafi tsufa a cikinsu, kuma wanda na fi so a gani a bangon kowace masana'antarmu, shi ne allon Henry Gantt na shekarun 1910. Kowane inji da layinsa, sa'o'i a jere daga hagu zuwa dama, kowane zubi a ja masa sanda daidai tsawon lokacinsa. Ba ya yi maka lissafi, amma yana tona asiri. Da zarar an zana, sai a ga injin ɗinke buhu yana zaman banza duk safiya yana jiran ganga, ko a ga an yi wa dillalai biyu alkawarin sa'a ɗaya.

A shekarun 1950 masana lissafi suka shigo. A 1955 J. R. Jackson ya tabbatar cewa a kan inji ɗaya, idan burinka kada wani ya makara da yawa, to ka jera aiki bisa wanda wa'adinsa ya fi kusa. A 1956 W. E. Smith ya nuna cewa idan burinka rage yawan jiran da jama'a ke yi gaba ɗaya, ka fara da aiki mafi gajarta. Dokoki biyu ne masu sauƙi, amma suna karo da juna, kuma zaɓi tsakaninsu zaɓi ne na abin da masana'anta ta ɗauka da muhimmanci. A harkar taki ba na ganin akwai gardama: ta Jackson ce ta dace, domin makara ita ce asarar.

Wadda ta fi ba da mamaki ita ce dokar Selmer Johnson ta 1954, don aikin da ke bi ta matakai biyu a jere. A ƙaddara akwai oda biyu. Ta farko na cin sa'a 1 a gauraya, sa'a 4 a zuba a buhu, saboda ƙananan leda ake so. Ta biyu na cin sa'a 4 a gauraya, sa'a 1 a zuba a manyan buhuna. In aka fara da ta farko, masu ɗinki sun sami aiki bayan sa'a guda, ganga kuma ta ci gaba da ta biyu, komai ya ƙare a sa'a 6. In aka juya, masu ɗinki za su zauna sa'a 4, aiki ya ƙare a sa'a 9. Inji ɗaya, ma'aikata ɗaya, dizal na sa'a 3 ya tafi a banza saboda jeri kawai. Dokar ta ce: wanda ke da gajeren matakin farko ya shiga gaba, wanda ke da gajeren mataki na biyu ya koma ƙarshe.

Da aiki ya wuce inji biyu, kan mutum ba ya ɗauka. Oda 10 kaɗai ana iya jera su ta hanya 3,628,800. A nan kwamfuta ta shigo, bisa hanyar lissafin da George Dantzig ya buɗe a 1947. Babban ci gaba a ɓangaren sinadarai ya zo a 1993, lokacin da Kondili da Pantelides da Sargent na Kwalejin Imperial da ke Landan suka fitar da wata hanya ta zana masana'anta: kowane hali da kaya ke ciki, ɗanye ko rabin gyara ko gamamme, a ba shi da'ira, kowane aiki a ba shi akwati, a haɗa su da kibiyoyi. Sai a yanka lokaci gunduwa-gunduwa, a kowace gunduwa kwamfuta ta amsa e ko a'a: za a fara aiki kaza a inji kaza yanzu? Ana gaya mata girman kowace tukunya, da abin da tankin ajiya zai ɗauka, da wa'adin kowane mai saye, ita kuma ta nemo jerin da ya fi riba. Ignacio Grossmann da ɗalibansa a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, da wasu da dama, sun ci gaba da gyara hanyar don ta iya da manyan masana'antu. Kamfanonin magani da na fenti na duniya da irin wannan suke aiki.

Sai dai ba na so a ɗauka maganarmu ta tsaya a kan sayen manhaja mai tsada. Masana'antar taki mai ganga ɗaya da bakin ɗinki biyu ba ta bukatar abin da ya wuce allon Gantt da tebur ɗin Excel. Abin da take bukata ƙwarai shi ne darasin da Eliyahu Goldratt ya yayata a littafinsa na 1984: a gano matakin da aiki ke shaƙewa, a gina jadawali a kansa. A ƙaddara ganga na juye tan 5 kowane minti 10, wato tan 30 a sa'a, lodin tirela guda mai buhu 600. Idan masu ɗinki ba sa wuce buhu 400 a sa'a, ƙarfin masana'antar tan 20 ne, komai abin da aka rubuta a takardar sayen inji. Sau da yawa ma maƙurar ba ta cikin ɗakin inji. Tana bakin ƙofa, inda 'yan dako ke lodi da ka, ko wajen motar kwasa guda ɗaya da ke ciyar da mazurari huɗu, wadda in ta lalace komai ya tsaya.

Lissafi daga baya

Littattafan da aka rubuta a Turai sun ɗauka wuta na nan, kaya na isowa ranar da aka ce. Namu jadawalin dole ya fara daga wani wuri dabam, wato daga ranar shuka, a yi ta ja da baya.

Idan ana so manomin Gitata ya zuba kamfa a farkon Mayu, dole buhu ya kasance a shagon dillali a Keffi cikin Afrilu. Wannan na nufin a haɗa shi a Fabrairu da Maris, lokacin da iska ke bushe, wanda dama shi ne lokacin da ya fi dacewa da yuriya. Kafin nan kayan haɗi su iso masana'anta a Janairu. Jirgin DAP da na fotash su sauke a Onne ko Legas cikin Disamba. A kammala ciniki da neman dala a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da manomi ke girbin bara. Duk mako guda da aka yi asara a wancan ƙarshen, sai ya fito a wannan ƙarshen, domin babu inda za a matse shi. Tirela daga Onne sai ta bi ta Inugu, Makurɗi, Lafiya da Akwanga. Ta Okpella sai ta ratsa Okene da Lakwaja, inda ambaliya ta datse hanyar Abuja a 2012 da kuma 2022. Shirin da ya fara motsi bayan an sa hannu a kasafin kuɗi ya riga ya makara ga Nasarawa tun kafin a buga tambari. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana bikin ƙaddamar da sayar da taki a watan Yuni ko Yuli, da rumfuna da jawabai, a jihohin da masararsu ta kai ƙugu.

Akwai wata ni'ima da yanayin ƙasarmu ya ba mai tsara jadawali, wadda ba a cika cin moriyarta ba. Damina ba ta sauka ko'ina rana ɗaya. Daga kudu take tasowa: Binuwai da Nasarawa a Afrilu, Kaduna a Mayu, Kano, Katsina da Sakkwato wajen Yuni. Hukumar NiMet na fitar da hasashen ranar saukar ruwa a farkon kowace shekara, jiha-jiha har zuwa ƙananan hukumomi. Wannan takarda jerin wa'adi ce tsararre, kyauta. In aka bi dokar Jackson a kanta, motocin Nasarawa su za su fara fita daga masana'antun Kaduna da Minna, na Sakkwato su biyo daga baya, kuma babu wanda ya cutu. Amma abin da ya fi faruwa shi ne wanda ya fara biya, ko wanda ya fi ƙarfin murya, shi ke gaba. Sai a tarar da taki jibge a sito a can ƙuryar Arewa yana jiran ruwa, a nan kuma ruwa na jiran taki. Noman rani na Kadawa, kwarin Haɗeja da Bakolori shi ma wata dama ce: yana ba masana'anta aikin Nuwamba zuwa Janairu, ya hana injuna tsatsa da ƙwararrun ma'aikata watsewa.

Sai wuta. A Afrilu 2024 kuɗin lantarki na rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kan kowane yunit. A Oktoban shekarar, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar layin da ya taso daga Inugu ta Binuwai, Kano, Kaduna, Bauchi, Gombe da wasu jihohi sun yi sama da mako guda cikin duhu. Ga masana'antar zubi-zubi ɗaukewar wuta ba tsaiko ba ce kawai. Akwai matakan da ba sa jira: sabulun da ke kan wuta, ƙaron fenti da ke dahuwa a tukunya, fatar da ke cikin ruwan sinadari. In aka tsaya a tsakiya, zubin ya lalace, wani lokaci har da tukunyar. Akwai kuma matakan da ke da haƙuri: zuba kaya a kwali, manna takarda, wanki, lodi. Mai hankali kan ware su. Marasa jira ya ɗora su a kan janareta ko a sa'o'in da ya san wuta ta fi zama, masu haƙuri ya bar su ga sa'o'in rashin tabbas. Kuma ba ya rubuta jadawalin wata guda ya rantse a kansa. Yakan ƙulle na kwana uku ko mako guda, ya bar na gaba a sake, duk safiyar Litinin a sake dubawa bisa abin da ke sito da abin da ke hanya. Jadawalin da aka cika maƙil, ba a bar ko sa'a ɗaya ta ko-ta-kwana ba, shi ke fara rushewa.

A 2021 aka sauya fasalin shirin takin: NSIA ta koma shigo da kayan haɗi kawai, masu masana'antu su saya da lamunin banki su sayar da kansu. Wannan ya mayar da haɗarin makara kacokan kansu. Bayan sakin naira a Yuni 2023, kuɗin kowane jirgi ya ninka a naira, sai da yawa suka koma jiran oda kafin su kunna inji. A fuskar ɗan kasuwa wannan hankali ne. A fuskar gona kuwa yana nufin kowa zai taso lokaci guda a watan Mayu, motoci su yi layi, farashi ya hau. Gwamnatin jihar da ke son taimakon manoma za ta fi yin tasiri idan ta ba masana'anta tabbacin saye tun Disamba, fiye da rabon tallafi a Yuli.

Lambar da ke jikin buhu

Gaggawar ƙarshen lokaci tana da wani farashin da ba a gani nan take. Idan motoci 40 na jira a ƙofa, abin da ake fara yankewa shi ne abin da ido ba ya gani: a rage mintocin juyawa, a tsallake kankarar ganga, a bar ɗaukar samfur zuwa ɗakin gwaji, a karɓi farar ƙasar da ƙwayarta ba ta yi daidai da ta yuriya ba. Ƙwayoyi masu bambancin girma kan rabu a hanya saboda jijjigar mota, manya a sama, ƙanana a ƙasa, sai kunya ɗaya ta sha naitirojin, ta kusa da ita ta sha tsakuwa. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta tanadi rajista da hukunci kan gurɓataccen kaya da ƙarancin awo, amma mai bincike ba zai iya bin sawun laifi ba sai in kowane zubi na da lambarsa da takardarsa: ranar da aka yi shi, daga wane lodi aka ɗebi kaya, wa ya auna, minti nawa aka juya. Ƙasar nan ta ga muhimmancin wannan ta hanya mafi ciwo a 2008, lokacin da maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda guba ta shiga cikin kayan haɗinsa, ya kashe yara aƙalla 84, ciki har da waɗanda aka kai asibitin koyarwa na ABU a Zariya. Aikin NAFDAC na farko a lokacin shi ne gano wane zubi ne, da ina aka kai shi.

Waɗannan takardun zubi su ne kuma abincin jadawali. Dokar Johnson ko manhajar kwamfuta ba za ta amfana da komai ba idan lokutan da aka ba ta na ƙiyasi ne. Mutanen da za su iya tattara su muna da su. Sashen injiniyan sinadarai na ABU na yaye ɗalibai duk shekara, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT na Basawa a Zariya, ga Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi da masu karatun lissafi da ƙididdiga. Ɗalibin da aka tura masana'anta horon wata shida, maimakon a bar shi yana kai fayil daga ofis zuwa ofis, a ba shi agogo da littafi. Ya rubuta minti nawa awo ke ci, nawa juyawa, nawa wanki daga 20-10-10 zuwa 15-15-15 da kuma akasin haka, sau nawa wuta ta ɗauke da ƙarfe nawa, kwana nawa tirela ta yi daga Onne a rani da a damina. Kafin ya koma makaranta, manajan zai iya gaya wa dillalin Keffi ranar da motarsa za ta fita, ya kuma san tun a Janairu ko fotash ɗin da ke sito zai kai shi ƙarshen Afrilu.